Mai rufi da marar rufi: nazari kan tsoffin fadoji biyu a gundumar Clare ta Ayalan

Wanda ya sauka a filin jirgin saman Shannon, a yammacin ƙasar Ayalan, ya ɗauki mota ya nufi birnin Limerick, ba zai yi minti goma sha biyar ba sai ya hango wani ƙaton ginin dutse a gefen hanya, da hasumiya a kowace kusurwa. Ita ce fadar Bunratty. Tana da rufi, da wurin sayen tikiti, da filin da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ke jeruwa. Idan kuma ya juya arewa, ya wuce garin Ennis ya ratsa Corofin, kafin awa ɗaya ta cika zai tarar da fadar Leamaneh tsaye a wata mararraba. Ita ba rufi, ba ƙyaure, ta tagoginta ana hango sararin sama, kuma tana cikin gonar wani, an katange, ba a shiga.

Dukansu biyu ginin ƙarni na 15 ne. Dukansu sun kasance a hannun zuri'ar O'Brien, gidan da ya mulki wannan yanki da a da ake kira Thomond. Dukansu an taɓa barin su ruwan sama yana dukansu. Abin da wannan nazari ke bi shi ne yadda aka yi ɗaya ta tashi ɗaya ta zauna kango, domin amsar ita ke nuna wa matafiyi ainihin abin da yake kallo idan ya shiga karkarar Ayalan neman tsoffin fadoji.

Yadda benayen suka cika karkara

Baƙo yakan yi mamakin yawansu. Za ka ga bene na dutse siriri, hawa huɗu ko biyar, tsaye shi kaɗai a tsakiyar makiyaya, ka yi gaba kaɗan ka ga wani. Waɗanda suka rage a tsaye a faɗin tsibirin sun haura dubu biyu, wasu cikakku, wasu bango ɗaya kawai. Yawancinsu gidajen hakimai ne da manyan masu ƙasa da attajirai, an gina su tsakanin ƙarni na 15 da farkon na 17, zamanin da babu wata hukuma guda da ke iya tsare wa mutum dukiyarsa, satar shanu kuma ita ce yaƙin yau da kullum tsakanin gidajen sarauta. Mai hali sai ya gina bene mai kaurin bango, ya kewaye shi da katanga inda za a shigar da shanu da dare. Har gwamnatin Ingila ta taɓa sa hannu: a 1429 an yi doka a zamanin Sarki Henry na Shida cewa duk wanda ya gina irin wannan bene a yankin da Ingilawa ke riƙe da shi kewayen Dublin, mai tsawon ƙafa 20, faɗin ƙafa 16, tsayin ƙafa 40, za a ba shi fam 10. Sarakunan gargajiya na yamma ba su jira tallafin kowa ba. A gabashin Clare gidan MacNamara kaɗai ya gina gommai.

Bunratty na cikin wannan sahu, sai dai ta fi sauran girma nesa ba kusa ba. Kuma ita ce gini na huɗu a wurin. Wurin ne ke da daraja, domin nan wani ƙaramin kogi ke shiga bakin kogin Shannon, wanda ya riƙe shi ya riƙe hanyar jiragen ruwa zuwa Limerick. Normawa da suka zo daga Ingila suka fara kafa sansani a nan wajen 1250, sannan Thomas de Clare ya gina ta dutse a ƙarshen shekarun 1270. A 1318 aka kashe ɗansa Richard a yaƙin Dysert O'Dea, matarsa da ta ji labari ta cinna wa fadar da garin wuta ta shiga jirgi ta gudu. Daga wannan yaƙi yankin ya fita daga hannun Ingilawa fiye da shekara ɗari biyu. Ginin da ake gani yau gidan MacNamara ne suka yi shi wajen 1425, kafin ƙarshen ƙarnin ya koma hannun O'Brien, waɗanda daga baya, a 1543, suka yi mubaya'a ga Sarki Henry na Takwas ya naɗa su sarautar Thomond a ƙarƙashinsa.

Igwa ce ta kashe darajar irin waɗannan gine-gine. Bangon da kibiya ba ta iya yi masa komai, albarushi ya mayar da shi abin wasa. An yi wa Bunratty ƙawanya a 1646, waɗanda ke ciki ƙarƙashin hafsan ruwa William Penn, mahaifin wanda ya kafa Pennsylvania a Amurka, suka miƙa wuya. Bayan zuwan Oliver Cromwell, jagoran sojojin majalisar Ingila, a 1649 an rushe benaye da dama da gangan don kada a sake fakewa a cikinsu. Waɗanda suka tsira kuma masu su da kansu suka gaji da su. Bene mai sanyi, mai duhu, mai ƙananan tagogi, wa zai zauna a ciki alhali yana iya gina gida mai faɗi? Iyalin Studdert da suka samu Bunratty a 1720 sun bar ta wajen 1804, suka koma sabon gida a kan tudu kusa da ita. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare rufin babban zaurenta ya rufta.

Abin da ya tayar da Bunratty

A tsakiyar shekarun 1950 wani basaraken Ingila mai tushe a yammacin Ayalan, Viscount Gort na bakwai, ya sayi kangon. Mutum ne mai sha'awar kayan da, kuma yana da aboki masani a wannan fanni, John Hunt, wanda tarin kayansa ne yanzu ke gidan tarihi na Hunt a Limerick. Hukumar ayyukan gwamnati ta OPW, wadda ke kula da gine-ginen tarihin ƙasar, ta shiga aikin gyara. Aka mayar da rufi, aka gyara ɗakuna, Gort ya cika su da kayan ɗaki na ƙarni na 15 da na 16. A 1960 aka buɗe ƙofa ga jama'a.

Da a nan labarin ya tsaya, da Bunratty ta zama gidan tarihi mai kyau da 'yan tsiraru ke leƙawa. Abin da ya canza lamarin yana filin jirgin sama. A wancan zamani jiragen da ke ƙetare tekun Atlantika ba sa iya yin tafiyar a tashi ɗaya, dole su sauka Shannon su sha mai. Wannan dole ita ta ciyar da yankin. Brendan O'Regan, ɗan gundumar Clare da ke kula da abinci da shaguna a filin, shi ya buɗe shagon sayar da kaya ba haraji a 1947, na farko a filin jirgin sama a duniya. Amma a ƙarshen shekarun 1950 sai ga manyan jirage irin su Boeing 707 waɗanda ke iya tashi daga New York su dire Landan ko Paris ba tare da sun tsaya ba. Kowa ya ga abin da ke tafe: filin zai koma kufai, ma'aikata su bi sahun dubban 'yan yankin da ke ƙaura zuwa Ingila da Amurka.

A 1959 gwamnati ta kafa kamfanin raya yankin Shannon, O'Regan na jagoranta. Dabararsu biyu ce. Ta farko, a jawo masana'antu zuwa wani yanki da aka ɗauke wa haraji kusa da filin, domin jirage su zo ɗaukar kaya. Ta biyu, a ba fasinja dalilin da zai sauka da son ransa. To me za a nuna wa Ba'amurken da ke da kwana ɗaya kacal? Ga fada sabuwar gyara, tafiyar 'yan mintoci daga filin. Daga nan aka tsara yawon kwana ɗaya wanda ke ƙarewa da walimar dare a cikin fadar, irin ta zamanin da, kuma tun farkon shekarun 1960 ake yin wannan walima har yau.

Ƙauyen gargajiya da ke bayan fadar ma filin jirgin ne ya haife shi. Da za a tsawaita titin saukar jirage, akwai wani gidan manomi da ya tare hanya. Maimakon a rushe shi a manta, sai aka sake gina shi a gindin fadar. Daga wannan gida ɗaya aka yi ta ƙarawa har wurin ya kai eka 26 da gine-gine sama da 30: gidajen manoma masu rufin ciyawa, makaranta, maƙera, ɗakin likita, da layin shaguna na ƙarni na 19.

Saboda haka wanda ya shiga Bunratty zamani biyu yake kallo lokaci guda, na 1425 da na 1960, kuma yana da kyau ya iya raba su. Bangon, da hasumiyoyin, da tsarin ɗakunan na asali ne. Rufin babban zaure sabo ne, an yi shi bisa samfurin rufin da ya tsira a wata fadar. Kayan ɗakin tsofaffi ne na gaskiya, amma akasarinsu ba na wannan gida ba ne, an tattaro su ne daga ƙasashen Turai daban-daban. Ni ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba, domin da ba a yi rufin ba da ruwa ya ci gaba da cin bangon. Abin da nake ƙi shi ne baƙo ya fito yana zaton ya ga ɗakin O'Brien yadda mai gidan ya bar shi.

Ciki da matakala

Amfanin Bunratty ga matafiyi shi ne tana koya masa karanta gini. Ƙofar shiga tana sama da ƙasa, sai an hau. Da ka shiga ka ɗaga kai, akwai rami a silin, ta nan masu tsaro ke jefo wa wanda ya fasa ƙofa duwatsu ko su harbe shi daga sama, shi kuwa yana matse a ɗan lungu ba wurin kaucewa. Gaba kaɗan zauren dogarai ne, mai rufin dutse da aka lanƙwasa, nan ake yin walimar dare yanzu. Samansa babban zaure inda mai gida ke karɓar baƙi da yanke shari'a, an rataye manyan zannuwan bango masu saƙaƙƙen hoto, da ƙahonin wata ƙatuwar barewa da ta ƙare a duniya tun dubban shekaru, waɗanda ake tonowa a fadamun ƙasar.

Matakalar ita ce abin da jiki ke tunawa. Tana cikin hasumiya, a murɗe take kamar dodon koɗi, faɗinta na mutum ɗaya. Kowane taki a gefen bango yana da faɗin da zai ɗauki tafin ƙafa, a gefen ginshiƙin tsakiya kuwa ya tsuke har ba ya ɗaukar yatsu. Dutsen ya siɗe da tafiyar mutane, tsakiyarsa ya lotsa. Idan masu saukowa suka haɗu da masu hawa, sai wani ya maƙale a bakin taga ya ba da hanya. Hasken da ke shigowa ta 'yar tsaga ce a bango, siririya daga waje, mai faɗi daga ciki, yadda mai baka zai iya juyawa ya harba, na waje kuma ba ya samun sa. Masu rakiya sukan ce an murɗa matakalar ta hannun dama ne don mai kare gida ya samu sararin wurga takobi, mai hawa kuma ginshiƙi ya tare masa hannu. Bayani ne mai daɗin ji, amma masana da dama ba su gamsu da shi ba, tunda akwai fadojin da tasu ta murɗa ta hagu. Mai ciwon gwiwa ko mai goyo ya san da wannan tun kafin ya sayi tikiti. Doguwar riga kuma sai an tattare ta da hannu ɗaya.

Game da walimar, gaskiya wasan kwaikwayo ne, kuma masu yin sa ba su ɓoye ba. Mawaƙa cikin tufafin da, ana kaɗa abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa wanda shi ne tambarin ƙasar, ana ci da wuƙa da hannu. Musulmin da ke son halarta ya sani cewa ana tarbar baƙi da giyar zuma, ana ajiye giya a tebur, kuma haƙarƙarin alade na cikin abincin da aka saba kawowa. Ana iya neman abincin ganye tun wajen sayen tikiti. Wanda zaman bai kwanta masa ba bai yi asarar komai ba, domin abin da ya cancanci gani ana ganin sa da rana. Sai dai a je da wuri, saboda ana rufe shiga fadar tun wajen la'asar don shirin walima, ko da ƙauyen gargajiyar bai tashi ba.

Leamaneh, da ƙa'idar shinge

Leamaneh ba ta gaza Bunratty labari ba. Daga bakin hanya ma ana iya karanta ta. A gefe ɗaya akwai tsohon bene na wajen 1480, hawa biyar, tagoginsa 'yan tsaga. Manne da shi akwai babban gida hawa huɗu mai jerin manyan tagogi da aka raba da sandunan dutse, wanda Conor O'Brien da matarsa Máire Rua suka gina wajen 1648. Gini ɗaya ya nuna lokacin da tsoro ke gina gida, da lokacin da aka fara zaton an samu kwanciyar hankali. Zaton bai daɗe ba. A 1651 aka kashe Conor a faɗa da sojojin Cromwell, matar kuma ta auri wani hafsan rundunar da ta kashe mijinta, John Cooper, domin kada a ƙwace gadon ɗanta. Dabarar ta yi aiki. Zuri'ar ta koma fadar Dromoland, Leamaneh ta zama kango kafin ƙarshen ƙarni na 18, kuma a farkon ƙarni na 20 aka cire ƙofar gabanta ta dutse aka kai Dromoland, inda yau otal ne na masu hannu da shuni.

Abin da Leamaneh ta rasa shi ne mai kuɗin da ya so ta, da kuma kusanci da filin jirgi. Duba sauran fadojin Clare da ke da rufi, kusan kowacce akwai irin wannan mutum a bayanta. Knappogue, ginin MacNamara na 1467, wani Ba'amurke ɗan Texas, Mark Edwin Andrews, ya saye ta a 1966 ya gyara. Benen Dysert O'Dea, na 1480, wani John O'Day daga Wisconsin ya saye shi a 1970 saboda sunan kakanninsa, yanzu cibiyar tarihin yankin ce. Benen Craggaunowen kuwa John Hunt ne da kansa ya gyara shi. Tsufan gini ko nauyin tarihinsa ba su ne suka yi zaɓen ba.

Nan ne matafiyi ke yawan kuskure. A Jamhuriyar Ayalan babu dokar da ta ba mutum damar ratsa gonar wani don kawai akwai kayan tarihi a ciki. Doka tana kare ginin, ba ta yarda a rushe shi ko a taɓa shi ba izini, amma ƙasar da yake tsaye a kai ta manomi ce. Manoma da yawa suna hana shiga, dalilinsu kuma a fili yake: dutse na iya faɗowa, baƙo ya karye ya kai ƙara, ko ya bar ƙofar shinge a buɗe shanu su fita titi. Allon da ke gargaɗin akwai bijimi a fili sau da yawa gaskiya yake faɗa. Inda akwai gida kusa, sallama da neman izini sukan buɗe ƙofar da tsallake shinge ke rufewa ga na baya. A Leamaneh dai kallo daga hanya ne, kuma mararrabar ba ta da wurin tsayawa mai faɗi, a kula.

Akwai kangon da ake shiga ba tare da wannan fargaba ba. A ƙauyen Quin, kusa da Knappogue, gidan MacNamara sun gina wa limaman Kirista na ɗariƙar Francis mazauni a ƙarni na 15 a kan kangon wata fadar de Clare ta wajen 1280, har yanzu ana ganin gindin hasumiyoyinta masu zagaye a kusurwoyi. Yana hannun gwamnati. Wanda ya fara da Bunratty da safe ya zo nan da rana zai ga idonsa ya buɗe: ramukan da ke jere a bango wurin zaman katakon bene ne, murhun da ke rataye a sama ba daɓe a ƙarƙashinsa alamar akwai ɗaki a da.

Abin da tafiyar ke bukata

Ayalan ba ta cikin yarjejeniyar Schengen ta bizar bai-ɗaya a Turai, kuma bizar Ingila ba ta shigar da ɗan Najeriya ko ɗan Nijar, sai an nemi tata daban. Ana tuƙi ta hagu. Ƙananan hanyoyin karkara matsattsu ne, bangon dutse ko shingen ƙaya a kowane gefe, wani wurin mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta ja baya, kuma tun Fabrairun 2025 an rage gudun da aka yarda da shi a kansu daga kilomita 80 zuwa 60 a awa. Bas na zuwa Bunratty daga Limerick da filin jirgi, amma Leamaneh da Dysert O'Dea sai da mota. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu da 'yan mintoci duhu ya fara, kuma ƙananan wurare da yawa a rufe suke duk lokacin sanyi. Katin shekara na OPW yana shigar da mutum wurare irin su Cahir da Trim da Dutsen Cashel, amma ba ya aiki a Bunratty, tunda ba hukumar ke gudanar da ita ba.

Inda lamarin ya tsaya

Tsarin da O'Regan ya kafa ya dogara ne kan zuwan baƙi, musamman Amurkawa masu neman tushen kakanninsu. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, sai raunin ya bayyana. Kamfanin filin jirgin da ke riƙe da wuraren ya ga ba zai iya ɗaukar nauyinsu ba, aka shiga doguwar jayayya kan wanda zai karɓa da wanda zai biya kuɗin gyaran da ya taru, domin rufin da aka yi a shekarun 1950 shi ma yanzu ya tsufa. A 2023 aka miƙa Bunratty da Knappogue da Craggaunowen ga majalisar gundumar Clare, tare da ma'aikatansu, gwamnatin tsakiya ta ba da tallafi. Bayan sama da shekara sittin, fadar ta rabu da filin jirgin da ya raya ta, kuma daga yanzu duk shekarar da tikiti da walima suka gaza biyan kuɗin kula da ita, a zauren majalisar da ke Ennis za a tattauna yadda za a cike giɓin.